RA'AYINMU: BASHIN "BA RUWA" DA NA'URORIN WASA A TUDUN WADA

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya yalwata wa bayinSa hanyoyin neman halal, Ya kuma yi musu iyaka tsakaninsu da haram. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, duk mai bin titunan Tudun Wadan Zariya, tsakanin Ƙofar Doka da Kongo, ba sai an faɗa masa cewa gidajen gem da rumfunan sunuka sun zama sana'ar da matasa ke rububi ba. Dalili kuwa a fili yake. Unguwa ce ta 'yan makaranta da ma'aikata da baƙi tun kafuwarta a zamanin Turawa, ga harabar Jami'ar Ahmadu Bello ta Kongo, ga makarantar horon malamai ta tarayya, ga tarin makarantun sakandare. Inda yara da samari suka taru, nan mai na'urar wasa ke hangen kasuwa. Abin da ya ƙaru a 'yan shekarun nan shi ne hanyar mallakar kayan. A da sai mutum ya tara kuɗinsa, ko ya ɗauki adashi, kafin ya sayi PlayStation da talabijin da janareta. Yanzu kuwa talla ce ke biyo shi har cikin wayarsa, ana ce masa ya ɗauki kaya yau, ya biya kaɗan-kaɗan, kuma wai babu ko kwabo na ruwa.

Wannan kalma ta "ba ruwa" ita ce ta sa muka ɗauki alƙalami a wannan wata, domin kalma ce mai sanyaya zuciyar Musulmi, kuma masu talla sun san haka sarai. Tambayoyi biyu ne a gabanmu, ya kai mai karatu. Ta farko, shin kowane ciniki da aka liƙa masa wannan suna ya kuɓuta daga riba ta haram? Ta biyu, ko da cinikin ya tsarkaka, shin na'urar wasa ta cancanci mutum ya rataya wa wuyansa bashi dominta?

DAGA INDA ABIN YA FARO

Yana da kyau mu leƙa ƙasar da ta haifi wannan sana'a, domin wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Ɗaya daga cikin kakannin na'urorin wasan da ake jefa wa kuɗi ita ce wadda Amurkawa ke kira finbol, wato wani akwati mai gilashi a sama, mai ɗan gangare, wanda ake harba ƙaramar ƙwallon ƙarfe a cikinsa tana bugun turaku tana tara maki. Ta bazu ne a shekarun 1930, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, kuma birnin Shikago ne cibiyar ƙera ta. Ba a jima ba aka fito da irin wadda ke zubo wa mai wasa kuɗi idan ya yi sa'a, sai ta zama caca tsagwaronta.

A shekarar 1942 magajin garin Niyok, Fiorello La Guardia, ya haramta ta a birninsa. Hujjarsa ita ce tana lashe kuɗin abincin 'yan makaranta, aka kuma riƙa kwaso na'urorin ana farfasa su da guduma a bainar jama'a. A 1947 kamfanin Gottlieb ya ƙara mata wasu 'yan fikafikai biyu-biyu da mai wasa ke sarrafawa don mayar da ƙwallon sama, abin da ya shigo da gwaninta cikin lamarin. Duk da haka sai a 1976 majalisar birnin Niyok ta ɗage haramcin, bayan wani gwanin wasan mai suna Roger Sharpe ya nuna a gabanta cewa iyawa ce ke aiki ba sa'a kaɗai ba. Shekara 34 ke nan mutanen da ba su karanta Risala ba, ba su san Muwaɗɗa ba, suna kokawa da tambayar da malamanmu suka daɗe da amsawa: ina iyakar wasa, ina mafarin caca?

A yau ana ci gaba da ƙera sababbin finbol, kamfanin Stern da ke yankin Shikago shi ne mafi girma a harkar, kuma kowace guda tana cin dubban daloli. Saboda tsadarta dillalai ke haɗa masu saye da kamfanonin lamuni, da alkawarin wata shida ko shekara guda ba ruwa. To amma a yawancin irin katunan bashin shaguna na can, ruwan yana nan ana lissafa shi a ɓoye tun ranar da aka ɗauki kaya. Idan mutum ya biya duka kafin wa'adi, a yafe masa. Idan ko dala ɗaya ta rage ranar da wa'adi ya cika, sai a ɗora masa ruwan dukkan watannin da suka wuce, wanda kan kai kusan kashi 30 cikin 100 a shekara. Ashe ruwan bai ƙafe ba, an dai rufe rijiyar da tabarma ne.

Mu ma a nan gida ba baƙi ba ne ga wannan tarihi. Manyanmu suna tune da kalo-kalo, na'urar da ake jefa wa sulalla a ja hannu a jira sa'a, wadda gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta haramta da doka a 1977. Finbol kanta ba ta yi kasuwa a ƙasar Hausa ba, amma jikokinta sun iso, kuma salon sayar da su bashi ya biyo su a baya.

WA KE BIYAN RUWAN?

Ruwa ba ya tsami banza. A watan Nuwamba na 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100, a watan Disamba na shekarar kuma hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8. Naira, wadda ake canzar da dala ɗaya a kan kimanin 460 a hukumance kafin Yunin 2023, ta haura 1,500 a cikin 2024. A irin wannan kasuwa, duk ɗan kasuwar da ya ba ka kaya yau ya karɓi kuɗinsa bayan wata shida ba tare da ƙarin komai ba, to sadaka ya yi maka. Kamfani kuwa ba don sadaka aka kafa shi ba. Saboda haka wajibi ne mai hankali ya tambaya: ta wace ƙofa ake fanshe wannan jira?

Mu ɗauki misali don sauƙin fahimta. A ƙaddara wani matashi yana son kayan buɗe gidan gem waɗanda kuɗinsu hannu da hannu Naira 1,000,000 ne. Sai aka ce ya ajiye 300,000, sannan ya riƙa biyan 150,000 duk wata har wata shida. Jimilla ya biya 1,200,000. Ƙarin 200,000 ke nan a kan bashin 700,000, wanda in aka yi lissafinsa yadda banki ke yi, ya haura kashi 7 cikin 100 a kowane wata. Abin lura a nan, waɗannan lambobi ɗin nan guda suna iya zama halal, suna kuma iya zama haram. Abin da ke rarrabewa shi ne wane ne ya sayar, me ya mallaka lokacin da ya sayar, da kuma abin da aka rubuta zai faru ranar da aka kasa biya. Hausa ta haɗa ribar ciniki da riba ta haram a kalma ɗaya, amma Shari'a ta raba su, kamar yadda aya ta 275 ta Suratul Baƙara ta yi wa masu cewa duk ɗaya ne raddi.

Sura ta farko ita ce mai shago ya sayar maka da kayansa da ya mallaka, a kan farashin ajali wanda ya ɗara na hannu, ku tsayar da farashi ɗaya da wa'adi sananne kafin ku rabu. Wannan jumhurun malamai sun halatta shi, kuma Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta tabbatar da haka a zamanta na shida a Jidda cikin 1990. Majalisar ta gindaya cewa dole a yanke a kan ɗayan farashin biyu, kada a bar ciniki yana lilo tsakanin hannu da ajali, kada kuma a rubuta ƙarin a matsayin ruwa na daban mai tafiya da tsawon lokaci. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sayi abinci bashi a wurin wani Bayahude ya jinginar masa da sulkensa, don haka babu mai cewa cinikin ajali aibi ne a kan kansa. Sai dai mai irin wannan ciniki ya faɗi gaskiya, ya ce farashin bashi ya fi na hannu da kaza. Ɓoye farashin hannu don mai saye ya zaci bai yi asarar komai ba, wannan algus ne a magana.

Sura ta biyu ita ce wadda ta fi yawa a tallace-tallacen waya. Mai shago daban, mai ba da kuɗi daban. Kamfanin lamuni ya biya wa mai saye 700,000 a wurin mai shago, sannan ya bi shi 900,000. Kamfanin bai taɓa mallakar kayan ba, bai ɗauki hasararsu ko ta minti ɗaya ba, in sun zo da aibi ba ruwansa. Kuɗi ya bayar, kuɗi mafi yawa ya karɓa. Wannan rance ne da ya jawo amfani, ko an kira ƙarin kuɗin hidima, ko kuɗin fom, ko kuɗin kula da asusu. Alamar gane shi ba ta da wuya: duk "kuɗin hidimar" da ke ƙaruwa idan bashi ya ƙaru, yake kuma ƙaruwa idan watanni suka ƙaru, to ruwa ne ya sake riga. Malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun fi kowa tsanantawa wajen toshe irin waɗannan kafofi, shi ya sa Mukhtasar na Shaihu Khalil, wanda ake karantawa a zaurukan Zazzau tun kaka da kakanni, ya keɓe fasali a kan cinikayyar ajali da wani a kan cinikin ina, inda ake fakewa da haja alhali kuɗi ake sayarwa da kuɗi.

Sura ta uku ta fi ruɗarwa. Farashi ɗaya ne da na hannu, babu ƙari, kamfanin kuma a wurin mai shago yake karɓar ladansa. Malaman wannan zamani sun yi saɓani a kan wannan lada, wasu na ganinsa kuɗin dillanci, wasu na ganinsa ragin da aka yi wa mai ba da rance. Amma inda babu wata doguwar jayayya shi ne sharaɗin da kan biyo baya da ƙananan haruffa, cewa in ka makara da kwana kaza za a ƙara maka kaza. Wannan ita ce ainihin ribar Jahiliyya, inda mai bin bashi kan ba wanda ake bi zaɓi tsakanin ya biya yanzu ko a ƙara masa lokaci a ƙara masa kuɗi. Hukuncin Jidda na 1990 ya fito fili cewa bai halatta a ɗora wa mai jinkiri wani ƙari ba, ko an sharɗanta tun farko ko ba a sharɗanta ba. Mai cewa ai shi zai biya a kan lokaci, don haka sharaɗin ba zai taɓa shi ba, ya tuna cewa ya riga ya sa hannu a kan yarda da shi, sannan babu wanda ya riƙe gobe a hannunsa.

Sura ta huɗu ita ce hayar da ke ƙarewa da mallaka, wadda masu Keke Napep da 'yan acaɓa suka fi kowa sanin ɗacinta. Kana biya ana ce maka haya kake yi, in ka kammala kaya sun zama naka, in ka gaza a wata na biyar a ɗauke kaya, abin da ka zuba kuma ya bi ruwa. Majalisar Fiƙihu a zamanta na Riyad cikin 2000 ta hana a cakuɗa haya da sayarwa a kan abu ɗaya a lokaci ɗaya. In haya ce, to ta zama haya ta gaskiya, mai kaya ya ɗauki nauyin lalacewar da ba sakacin mai haya ba ne, sannan mallakarwa ta zo da ƙulli na daban. In kuwa sayarwa ce, kaya sun zama na mai saye tun ranar ciniki, iyakar mai sayarwa ya riƙe su a matsayin jingina, in an sayar don biyan bashi a mayar wa mai su da ragowar kuɗinsa. Abin takaici, dokar ƙasa ta 1965 da ta shafi irin wannan haya, in ban da ababen hawa, ta tsaya ne a kan kayan da kuɗinsu bai wuce Naira 2,000 ba, adadin da a yau ko rigar waya mai kyau da ƙyar ya saya.

BANKUNAN DA BA SA TA'AMMALI DA RUWA

Alhamdu lillahi, yau Musulmin Nijeriya ba shi da uzurin cewa babu mafita. Bayan ƙa'idojin da Babban Banki ya fitar a 2011 zamanin Malam Sanusi Lamido Sanusi, bankin Jaiz ya fara aiki a Janairun 2012 da rassa a Abuja da Kaduna da Kano, TAJBank ya biyo baya a 2019, Lotus kuma a 2021. Hanyar da suka fi bi wajen sayen kaya ita ce murabaha: banki ya sayi hajar, ta shiga mallakarsa, sannan ya sayar wa mai buƙata da riba sananniya wadda ba ta ƙaruwa bayan an ƙulla. Majalisar Fiƙihu ta amince da wannan a zamanta na Kuwait cikin 1988, bisa sharaɗin hajar ta shiga hannun banki da gaske, hasararta kuma ta zama a kansa kafin ya miƙa ta.

Wannan sharaɗi shi ne ran murabaha, in aka zare shi gawa ce ta rage. Don haka muna tunatar da ma'aikatan waɗannan bankuna da kwamitocin malaman da ke sa musu ido cewa duk ranar da aka tura wa mutum kuɗi a asusunsa, aka ce ya je ya sayo ya kawo rasit, ba tare da wakilci ingantacce da ƙulli biyu mabambanta ba, to an koma gidan jiya, sunan ne kawai na Larabci. Haka nan tarar jinkiri da wasu malamai suka yi rangwame a kanta bisa sharaɗin a bayar da ita sadaka, amana ce a tabbatar ko sisi daga cikinta bai shiga aljihun banki ba. Mai saye kuma ya sani cewa halal ba ta nufin araha. Ciniki yana iya tsarkaka a Shari'a, ya kuma fi ƙarfin aljihunka.

ITA KANTA HAJAR

Mu dawo kan tambaya ta biyu. Ba ma cikin masu cewa duk wasa haramun ne. Rai yana buƙatar hutu, kuma yaron da ya biya kuɗi sananne ya yi wasan ƙwallo a talabijin na minti goma, hayar na'ura ya yi, kamar mai hayar keke. Amma mu faɗa wa juna gaskiya a kan abin da ke gudana a yawancin waɗannan wurare. Al'adar da ta zama ruwan dare a teburin sunuka da gaban PlayStation ita ce wanda aka cinye shi ke biyan kuɗin wasa. Kowane ɗaya daga cikin biyun ya shiga ne tsakanin ya ci bulus ko ya yi asara, gwargwadon yadda wasa ya kaya, kuma wannan ita ce ma'anar caca a wurin malamai da dama, ko da kuɗin bai taka kara ya karya ba. Daga nan sai 'yan kallo su fara zuba nasu a gefe. Daga nan sai a ji daɗin abin a koma shagon bet ko a sauke manhajarsa a waya. Aya ta 90 da ta 91 ta Suratul Ma'ida sun jera caca tare da giya, sun kuma ambaci 'ya'yan da take haifarwa, wato gaba da ƙiyayya da shagala daga ambaton Allah da salla. Duk wanda ya taɓa raba faɗa a bakin teburin sunuka, ko ya ga ana kiran Magariba babu wanda ya ɗaga kai, ya ga tafsirin waɗannan ayoyi da idonsa.

A nan ne bashi ke haɗuwa da ɓarna. Matashin da ya buɗe shago da kuɗinsa yana iya korar yaro mai kayan makaranta da ƙarfe goma na safe, yana iya kashe na'ura in an kira salla, yana iya hana 'yan caca zama. Wanda kuwa ake binsa 150,000 a ƙarshen wata, wato 5,000 kowace rana kafin ya cire kuɗin fetur da hayar shago da na abinci, da wane ƙarfin hali zai kori mai kuɗi a hannu? Ba zai tambayi yaro inda ya samo kuɗi ba, ko na cefane ne, ko na makarantar Islamiyya, ko daga jakar uwarsa. Bashi ya mayar da shi bawan na'urarsa, ya kuma sa shi runtse ido a kan abin da zuciyarsa ke ƙi.

Ko ta fuskar kasuwanci zalla, lissafin yana da rauni. Na'urar wasa darajarta raguwa take yi kullum, sabon samfuri na fitowa tsohon ya faɗi. Hannuwan wasa suna lalacewa, kayan gyara kuma da farashin dala suke tafiya. Wuta ba ta da tabbas, fetur kuwa tun cire tallafi a Mayun 2023 ya zama abin da ya zama. Uwa-uba, kasuwar Tudun Wada da 'yan makaranta take numfashi. A 2020 annobar korona ta rufe makarantu wata da watanni, a 2022 kuma yajin aikin malaman jami'o'i ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ɗalibai suna tafiya hutu, amma mai bin bashi ba ya hutu. Kowa kuma ya ji yadda wasu kamfanonin lamuni na waya suka riƙa aika saƙonnin tozarci ga 'yan'uwa da abokan wanda ya makara, har sai da hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas cikin Maris na 2022.

Za a ce mana, to me kuke so matasa su yi, alhali babu aiki? Wannan magana ce mai nauyi, ba kuma za mu yi mata riƙon sakainar kashi ba. Matashin da ya nemi sana'a ya fi wanda ya zauna a dakali yana jiran a ba shi, kuma niyyarsa abar yabawa ce. Amma in har za a ci bashi, a ci shi a kan abin da ke samar da amfani ga mai shi da jama'a: keken ɗinki, injin markaɗe, kayan walda, kayan gyaran waya, firjin sayar da ƙanƙara. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, mun sani. Amma addini bai ɗauke shi da wasa ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu ta sauka. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yawaita neman tsari daga bashi, ya bayyana cewa yana kai mutum ga ƙarya da saɓa alkawari, ya kuma taɓa dakatawa daga sallatar wani mamaci har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biyan abin da ake binsa. Abin da ya kai wannan matsayi ba a shiga cikinsa don abin wasa.

KIRANMU

Ga mai niyyar saye, kada ka sa hannu ko ka danna amincewa a waya sai ka sami amsar tambayoyi biyar a rubuce. Nawa ne farashin hannu, nawa ne jimillar abin da zan biya? Wa ke sayar mini, kuma ya mallaki kayan kafin ya sayar? In na makara me za a ƙara mini? In na gaza gaba ɗaya, ina makomar abin da na riga na biya? In kaya suka zo da aibi, wa zan kama? Ka kai takardar wurin malamin da ya san babin ciniki kafin ka ɗauki kaya, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga 'yan kasuwarmu na Tudun Wada da Sabon Gari, ku sayar da kayanku bashi da farashi bayyananne, ku rubuta, ku kafa shaidu, ku karɓi jingina ko lamuni in kuna so, duk wannan haƙƙinku ne. Ku nisanci tarar jinkiri, ku jinkirta wa wanda ya shiga ƙunci na gaskiya. Masu bin bashi da suke da hali kuma su ji tsoron Allah su biya a kan lokaci, domin taurin bashinsu ne ke tura 'yan kasuwa ga neman tara.

Ga waɗanda suka riga suka buɗe gidajen wasa, ku tsarkake abincinku. Kowa ya biya kuɗin wasansa, ko ɗaya ya biya don kyauta tun kafin a fara. Ku hana zuba kuɗi, ku rufe lokacin salla, kada ku karɓi yaro a lokacin makaranta ko bayan dare ya yi.

Ga malamai da limamai, lokaci ya yi da babin ciniki zai sami rabonsa a mumbari da majalisun karatu kamar yadda babin tsarki da salla suka samu. Muna kuma fatan Cibiyar Nazarin Shari'ar Musulunci da ke Kongo, wadda ke maƙwabtaka da waɗannan shaguna, za ta tattara irin waɗannan yarjejeniyoyi ta yi musu fiɗa, ta fitar wa jama'a da bayani cikin Hausa mai sauƙi.

Ga mawadata da kwamitocin masallatai, hana matashi ruwa ba tare da nuna masa rijiya mai tsabta ba rabin aiki ne. A kafa asusun rance mai kyau a unguwanni, a raya adashi bisa amana, a ba masu sana'a jari bisa ƙiradi a raba riba, a karkata wani kaso na zakka ga sayen kayan sana'a.

Ga hukuma kuwa, tun da Kotun Ƙoli ta yanke a Nuwamban 2024 cewa ikon tsara harkar caca da wasannin sa'a na jihohi ne, to nauyi ya dawo kan Majalisar Dokokin Jihar Kaduna da ƙananan hukumomi. A kare yara ƙanana daga waɗannan wurare, a nisanta su daga ƙofofin makarantu, a kuma tilasta wa duk mai tallar "ba ruwa" ya rubuta farashin hannu da jimillar farashin bashi gefe da gefe, da manyan haruffa. Iyaye da masu unguwanni su ma su san inda 'ya'yansu ke yini, don tarbiyya ba a ba da ita haya.

Magabata sun sa wa wannan unguwa suna Tudun Wada ne don fatan alheri. Kada mu bari a hannunmu ta koma tudun bashi. Allah Ya wadata mu da halal ɗinSa ga barin haram, Ya biya wa masu bashi bashinsu, Ya shiryi matasanmu, Ya sanya albarka a cikin sana'o'inmu, amin.